Kulocin da Giris Ya Zaɓa wa Amininsa

Layin makanikai layi ne da ƙasarsa ta sha baƙin mai har ruwan sama ya daina shiga cikinta, sai dai ya kwanta a kai yana ƙyalli. A ƙarshen layin, dab da inda titi ya karya kwana, nan garejin Giris yake. Rumfar kwano ce, da rami na shiga ƙarƙashin mota, da wani benci da ƙafarsa ɗaya ta karye aka tallafe shi da mataccen batir. Giris ba sunan yanka ba ne. An laƙaba masa ne tun yana saurayi, don ko wanka ya yi ya sa fararen kaya, in kuka gaisa sai ka nemi tsumma. Matarsa ta ce tun shekarar aurensu ta haƙura da farin zanen gado.

Amininsa direba ne mai wata tsohuwar a-kori-kura shuɗiya, yana dakon kayan mutane, katifa ne, firiji ne, kujerun masu tashi daga gidan haya ne. Ana ce masa Ba-Ribas saboda ya tsani komawa da baya. In ya wuce gidan da aka aike shi, gara ya zagaye unguwar kaf ya dawo ta gaba. Wasu sun ce wuyansa ne ba ya juyuwa. Wasu suka ce tun ranar da ya take akuyar surukarsa da baya ya yi rantsuwa. Ba wanda ya tabbatar, amma labarin akuyar ya fi daɗi, shi ya zauna.

Mutanen nan biyu ba su iya gaisuwa ba sai da zagi. In Ba-Ribas ya shigo layi, tun daga nesa zai leƙo ta taga.

"Ɓarawon noti, yau motar wa ka kashe?"

"Taka nake jira, makashin mota. Ai ita kaɗai ta rage."

Haka suka tsufa tare. Da matar Ba-Ribas ta rasu, ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya, gemu ya cika masa fuska, 'yarsa mai ɗinki tana kai abinci tana ɗaukowa yadda ta ajiye. Giris ne ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin ya shirga masa ƙarya, wai ya ji wani ƙara a injin motar, kuma ba mai iya gane shi sai mai ita. Ba-Ribas ya fito yana ƙunƙuni, ya hau, ya tayar, ya zagaya unguwa yana neman ƙaran da babu shi. Washegari ya koma dako. Tun daga ranar Giris ya ƙudure a ransa cewa makullin motar nan shi ke riƙe da ran amininsa, ranar da aka raba su kuwa sai a fara neman mai haƙa kabari.

To, wata safiya a-kori-kura ta shigo layi tana wari kamar an ƙona gashi da roba. Inji na ihu, mota na tafiyar hawainiya.

"Ina ba ta wuta tana yi mini kuka kawai," in ji Ba-Ribas. "A hawan gadar nan har mai keke ya wuce ni yana yi mini sannu."

"Kuloci ya ƙare. Sauko mu gani."

Suka sauke giyabos, Giris ya zare faifan kulocin. Ya cinye har ƙusoshinsa sun fito suna gogar ƙarfe. Bai yi mamaki sosai ba, faifan ya daɗe. Suka taka zuwa wurin Mai Kanti, mai sayar da kayan gyara a bakin layi, wani mai ƙiba da ke rina gashinsa da baƙin shuni, in rana ta yi zafi sai shunin ya biyo gumi ya gangaro masa bayan kunne. Shi a wurinsa komai na asali ne. Ko tsintsiyar kantinsa ka tambaya zai ce daga kamfani take.

Giris ba ya sayen kuloci da ido kawai. Ya jujjuya faifan, ya gwada haƙoran tsakiyarsa da na tsohon, ya girgiza shi a kunne ya ji ko sifirin ɗinsa na kaɗawa. Ya ce a haɗo da murfin da ke matse faifan, da boris ɗin da ke tura murfin, don wanda ya canja faifai ya bar tsohon boris, zai sake sauke giyabos kafin ya huce gajiyar farko. Ba-Ribas na gefe yana cewa duk dabarar cin kuɗinsa ce.

Aka ɗaura komai, aka mayar da giyabos. Saura aikin ƙarshe, wanda ba ya yiwuwa sai da mutum biyu. Kulocin motar da mai yake aiki, in iska ta shiga bututun sai an fitar da ita. Ɗaya zai zauna a kujerar direba yana taka feda, ɗaya yana cikin rami yana buɗe wani ɗan noti iska na fita. Sun yi wannan aikin tare tun gashinsu na baƙi na gaskiya, ba irin na Mai Kanti ba.

"Taka," in ji Giris daga rami.

"Na taka."

"Riƙe nan."

"Ina riƙe. Yi sauri, ba a gidanku nake kwana ba."

Mai ya tsarto da kumfa, Giris ya ɗaure. Suka yi ta yi har kumfa ta ƙare. Sai gwaji. Akwai wani tsinken ƙarfe a jikin giyabos, in an taka feda ya fito ya tura, in an saki ya koma gidansa.

"Taka." Tsinke ya fito.

"Saki."

"Na saki."

Tsinke ya koma rabi, ya tsaya.

"Na ce ka saki, makashin mota."

"Na saki tun ɗazu. Baƙin mai ya toshe maka kunne ne?"

Giris ya ɗauka fedar ce ta maƙale. Ya fito daga rami yana goge hannu, ya buɗe ƙofar direba ya sunkuya. Fedar lafiyarta lau. Ƙafar hagun Ba-Ribas ce kwance a kanta, ta danne ta rabi, kamar ƙafar wani da aka manta a wurin. Mai ƙafar kuwa yana can sama yana kaɗa yatsu a sitiyari, yana kallon wata mata da ke ciniki a tsallaken titi.

Da sifana a hannun Giris. Ya ɗora bakinta a bayan ƙafar, inda takalmi bai rufe ba, ya danna. Ya ƙara dannawa har fatar ta lotsa. Ba-Ribas bai ko dubo ƙasa ba.

"Me kake nema a nan ƙasa? In kuɗi ne na riga ka tsincewa."

Giris ya kama ƙafar da hannu ya kawar da ita gefe, kamar yana gyara shimfiɗar roba. Feda ta taso. Maganar ta zo masa har maƙogwaro, sai ya tuna ɗakin nan mai duhu da kwanon abincin da ba a buɗe ba.

"Sifirin ne ya ɗan cije," ya ce. "Na gyara."

Ba a jima ba motar ta dawo da warin nan. Wanda duk ya san mota ya san in ƙafa na kwance kan kuloci ana tafiya, faifai ba ya kama ba ya saki, sai ya yi ta guga har ya ƙone. Da suka zaro shi, sabon faifan nan ya yi baƙi ƙirin, ƙarfen da yake kamawa ya yi shuɗi don zafi, boris kuwa in an juya shi sai ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Ba-Ribas ya riƙe faifan yana juyawa. "Wannan fa? Ko wata nawa aka yi?"

Giris ya kalli faifan, ya kalli rumfa, ya kalli ko'ina ban da ƙafar. "Jabu ne. Kayan yanzu sai a hankali."

Ai kuwa Ba-Ribas ya ɗauki faifan ya nufi bakin layi, ya buga shi a kan teburin Mai Kanti, ya tara masa jama'a. Ya kira shi macuci, ya ce gashinsa jabu, kayansa jabu, wataƙila haƙoransa ma a kwali suka zo. Mai Kanti ya yi ta rantsuwa, shuni na bin wuyansa har cikin riga. Ranar 'yan layi sun sha dariya har da masu riƙe ciki. Giris na tsaye a baya, kansa a ƙasa. Abin takaicin, a duk ƙaryar da Mai Kanti ya yi a rayuwarsa, wannan karon gaskiya yake faɗa.

Matar Giris ba a ɓoye mata abu. Ta ga ya dawo kwana da kwanaki yana tsakurar abinci, shi da ke suɗe kwano har a ga fuska a ciki. Ta zauna ta sa shi gaba da tambaya har ya amayar.

"To kai makanike ne ko likita?" ta ce.

"Ni na ce ni likita ne?"

"Mutum ƙafarsa ta mutu a jikinsa, kai kana ta binne faifai. Ka gaya masa. In kana jin tsoron bakinsa, ka gaya wa 'yarsa."

"In yarinyar nan ta ji, a ranar za ta ƙwace makulli. Kin san ta, uwarta ce sak. In aka ƙwace makulli me ya rage masa? Ke ba ki ga yadda ya koma wancan karon ba?"

"Na gani. Na kuma ga yara na tsallaka titi kullum."

"Birki da ƙafar dama ake takawa. Damansa lafiya lau."

"Sai ka yi ta canja faifai har gemunka ya taɓo ƙasa." Ta kwashe kwanuka. A bakin ƙofa ta juyo. "Ba shi kake tausayi ba, malam. Kanka kake tausayi, kar ka rasa mai zaginka da safe."

Maganar ta soke shi, amma bai je ya faɗa ba. Abin da ya yi shi ne abin da makanike kan yi in abu ya dame shi, ya nemi maganinsa a cikin ƙarfe. Ya yi ta juya lamarin yana cikin rami yana gyaran motocin wasu, har dabara ta faɗo masa. Akwai wani irin kuloci da ake yi wa motocin da ke jan kaya masu nauyin gaske, murfinsa na da sifirin mai taurin tsiya. Nauyin ƙafar da aka ɗora kawai ba zai motsa shi ba, sai an taka da niyya. In aka sa wa Ba-Ribas wannan, ƙafar ta yi ta kwanciyarta a kan feda, faifai ba zai sani ba. Ranar da dabarar ta zo masa har waƙa aka ji yana yi a rami.

Ya je wurin Mai Kanti shi kaɗai. Mai Kanti ya ɗaure fuska.

"In abokinka ne ya aiko ka, kantina a rufe yake."

"Ni na aiko kaina. Ba ni mai taurin nan, na manyan kaya."

"Na wace motar?"

"Shuɗiyar."

Mai Kanti ya sauke tabarau. "Mai ɗaukar katifa? Duwatsu ya koma ɗauka? Wannan fa ko saurayi ya wuni yana taka shi a cunkoso sai ya dawo gida yana ɗingishi."

"Kai dai miƙo. Ƙarko nake nema masa."

"To, ku kuka sani. In ya ƙone wannan, sai dai ku ce wuta yake hurawa a ƙarƙashin motar."

Aka ɗaura. Wajen fitar da iska Giris ya ce bayansa na ciwo ba zai iya shiga rami ba, ya sa Ba-Ribas ya riƙe notin a ƙasa, shi ya hau kujera ya taka. Da Ba-Ribas ya hau gwaji, ya taka fedar, ya ɓata fuska.

"Wannan kuloci ne ko dutse ka ɗaura mini?"

"Ƙarko ke nan. Ka saba da na roba, shi ya sa. Ko tsufa ne ya kama ka?"

"Tsufa ya ci gidanku." Ya dafe sitiyari da hannu biyu, ya tura da ƙugu, giya ta shiga. Ya fita layi yana murmushi, hannu ɗaya a waje yana yi wa Mai Kanti daƙuwa.

Aka ɗauki lokaci ba wari, ba kukan inji. Ba-Ribas na biyowa da safe ya yi zaginsa ya wuce. Giris ya koma suɗe kwano. Ya ma ce wa matarsa, "Kin gani? Kowace cuta da sifanarta." Abu ɗaya ya lura da shi, ya kuma kawar da kai. Abokin nasa in zai sa giya yanzu, sai ya ɗora tafin hannu a gwiwar hagu ya taya ta dannawa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ba-Ribas ya ɗauko wani kabad mai ƙofofin gilashi zai kai wani lungu a bayan kasuwa. Lungun matsattse ne, masu tebur hagu da dama, yana tafe a giya ta ɗaya kamar mai rarrafe. Sai wata mata ta fito daga tsakanin tebura da yaro a hannu. Hannuwansa biyu na kan sitiyari yana kauce wa tebura, ba hannun da zai taya gwiwa. Ya taka birki, ya taka kuloci, kuloci ya ƙi sauka. Inji ya ci gaba da tura mota, birki na riƙewa, mota na zillo. A ruɗe ya cire ƙafar dama daga birki don ta taya ta hagu. Motar ta yi tsalle.

Matar ta fizge ɗanta. A-kori-kura ta kwashe teburin wani mai lemo, ta je ta daki katanga, inji ya mutu. Kabad ya kifo ta gefe, gilashi ya tarwatse a ƙasa.

Ba wanda ya mutu, mai lemo ne kawai ya kuje a ƙwauri. Mutane suka taru ana hayaniya. Ba-Ribas ya buɗe ƙofa ya sauko yana ba da haƙuri, yana tafiya wajen mai lemo. Sai hayaniyar ta fara mutuwa. Takalminsa na hagu ya saɓule tun a cikin mota bai sani ba. Yana taka fasassun gilashi da tafin ƙafa, kowane taku na barin jini a ƙasa, shi kuwa yana ta faɗin, "Ka yi haƙuri ɗan'uwa, ka ji ciwo? Mu gani." Matar da ta fizge ɗanta ce ta nuna masa ƙasa. Ya duba. Ya daɗe yana kallon ƙafar kamar yana son tuna inda ya san ta.

Labari ya riga motar isa layi. Giris ya je asibiti da kayan aikinsa a jiki. A baranda ya tarar da 'yar, idanunta sun kumbura, zaren ɗinki na maƙale a gefen zanenta.

"Baffa, likita ya ce jijiyar ta daɗe da lalacewa. Ya ce da an zo tun tana farawa, da akwai abin yi. Yanzu sai dai a tsare abin da ya rage." Ta share hanci. "Ya ce shi da tuƙi har abada. Ni kullum ina gida da shi ban lura ba. Wace irin 'ya ce ni?"

Giris ya ce mata ta yi haƙuri, ba laifinta ba ne. Wannan dai gaskiya ya faɗa.

Sai da aka sallamo Ba-Ribas gida suka samu zama su biyu. Yana kan kujera a tsakar gida, ƙafar a naɗe bisa matashi, sanda jingine a bango. Motar na waje an jawo ta, goshinta a lotse. Giris ya shigo da ledar lemo, ya rasa inda zai ajiye, don sai a lokacin ya tuna lemon wa aka take.

"Makashin mota, wannan karon ka kashe ta da gaske," ya ce, muryar ba ƙarfi.

Ba-Ribas bai rama ba. Ya nuna masa kujera.

"Kwanciyar asibiti na sa mutum tunani," ya ce. "Ina ta juya wani abu. Ni katifa nake ɗauka da firiji. Me ya sa ka ɗaura mini kulocin masu jan duwatsu?"

"Na gaya maka, ƙarko."

"Ka gaya mini. Kuma ranar ka ce bayanka na ciwo, ka tura ni rami, kai ka hau kujera. Tunda nake da kai ban taɓa ganin ka bar wani ya taɓa notin nan ba. Ko zazzaɓi kake yi sai ka shiga da kanka."

A ɗaki keken ɗinkin 'yar na ta ƙara, sai ya tsaya.

"Tun yaushe ka sani?" in ji Ba-Ribas.

"Tun faifan farko. Ka ce ka saki, ƙafarka na kai. Na danna maka sifana ba ka ji ba."

"Ka danna mini sifana." Ba-Ribas ya gyaɗa kai a hankali. "Kamar yadda kake ƙwanƙwasa taya."

"Na ji tsoro ne. Na ga yadda ka zama lokacin rasuwar. Na ce in aka karɓe motar nan..."

"Ni ina jin ƙafar na yi mini nauyi, na ɗauka gajiya ce. Da faifai ya ƙone har na fara zargin kaina. Sai ka ce jabu ne. Kai ka faɗa, ni kuwa in ka ce mini injin nan ruwa yake sha, ruwa zan zuba masa. Na je na ci mutuncin bawan Allah a gaban jama'a." Ya numfasa. "Da ka ce mini ƙafarka ce, da na zage ka, na zagi kakanka, na yi mako ban biyo layi ba. Sannan in je asibiti. Ka san haka zan yi."

"Ban sani ba."

"Ka sani. Yaron nan da uwarsa ta fizge, kansa bai kai fitilar motar ba. In na rufe ido shi nake gani."

'Yar na tsaye a ƙofar ɗaki, almakashi a hannu. Ta dubi Giris, irin duban da ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama, ta koma ciki.

"Ka yafe mini," in ji Giris.

"Na yafe. Allah ma muna yi masa laifi." Ba-Ribas ya jawo sandarsa. "Zan ɗan kwanta. Ka gaida gida."

Ba tsawa, ba zagi. Giris ya fito yana jin da ma an rufe shi da duka.

Ya koma sau da yawa. Wani lokaci a ce barci ake, wani lokaci a bar shi ya shiga, a amsa gaisuwarsa da kyau, a tambayi iyali, a yi shiru har ya tashi. Ba-Ribas bai shige ɗaki ya juya wa duniya baya ba kamar yadda aka ji tsoro. Yana fitowa ƙofar gida da sandarsa, yana hira da maƙwabta, har an ce ya fara koya wa wani mai sabuwar mota hanyoyin gari daga kujerar gefe. Matar Giris ta ji wannan a wurin masu kai ɗinki, maganar ta zo har bakinta, ta dubi mijinta ta haɗiye.

Daga baya aka sa motar a kasuwa. Mai saye ya zo ya taka kuloci ya ce shi ba ɗan dambe ba ne, sai an mayar da mai laushi. Giris ya ji labari, ya share ramin garejinsa, ya je wurin Mai Kanti ya ware faifai mai kyau ya ce a ajiye masa. Sai ga a-kori-kura an jawo ta cikin layi, ta wuce ƙofar garejinsa, aka tsallaka titi da ita zuwa wurin Guduma.

Guduma wani makanike ne da ya yi imani duk abin da ya ƙi shiga, duka ne bai ji ba. Ko keken jikansa Ba-Ribas ba zai kai masa ba a da. Ga shi yau zaune a bencin Guduma, sanda tsakanin gwiwoyi, yana kallon titi.

Daga rumfarsa Giris na ganin komai. Ya ɗauki wani kafireto yana wankewa, ya wanke ya sake wankewa. Ya ga an sauke giyabos, an cire mai taurin an jefar gefe, an ɗaura sabo. Ya ga Guduma ya daidaita faifan da ido kawai ya ɗaure murfi. Faifan kuloci kuwa in bai zauna a tsakiya cif ba, sandar giyabos ba za ta shige shi ba ko za a wuni. Aka ɗaga giyabos, aka tura, ya ƙi. Aka jijjiga, ya ƙi. Rana ta take, Guduma na gumi yana zagin wanda ya ƙera motar. Can ya fito daga ƙarƙashi ya miƙa hannu wajen abin da aka sa masa suna da shi.

Giris ya ajiye kafireto. A ƙasan akwatin kayan aikinsa akwai wani guntun ƙarfe da ya yanko daga mataccen giyabos irin na motar, da shi ake zura wa faifai a tsakiya kafin a ɗaure, ya zauna daidai. Ya ɗauka, ya tsallaka titi.

"Kar ka buga," ya ce wa Guduma. "Za ka lanƙwasa faifan. Sassauta murfin, ka zura wannan, sannan ka ɗaure."

Guduma ya karɓa yana jujjuyawa, ya dubi mai motar, don shi ma ya san labarin, duk layi an sani. Giris na tsaye dab da bencin, in ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗar amininsa. Ya ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ga an aske masa gemu an bar wani ɗan wuri a ƙarƙashin kunne. Ya jira.

Ba-Ribas bai ɗauke ido daga titi ba.

"Guduma," ya ce, "yi yadda ya faɗa, ya san aikinsa. In ka gama ka aika a mayar masa. Ka ce an gode."

Giris ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya juya. Motoci sun yi yawa a titin, ya daɗe a tsakiya kafin ya samu ya ƙarasa tsallakawa. Daga rumfarsa ya ji ƙaran giyabos ya shige wurinsa, tsaf, ba duka.

Da yamma Guduma ya kawo ƙarfen da kansa, ya ajiye a bakin rami ya tafi ba surutu. An wanke shi da fetur, an goge shi tas, an naɗe shi a cikin takarda mai tsabta, yadda ake mayar da kayan aro gidan da ba a saba da su ba.